Ranar da Aka Tambayi Zulai Sunan Ɗanta

Ranar da aka fita da yaron daga hannuna sun zo da kyamara. Ranar da aka dawo da shi babu wanda ya leƙo. Ban yafe ba, kuma ba zan yi ƙarya in ce na yafe ba.

Sunana Rabi, a Cheras, unguwarmu a nan ƙasar Malay, ana ce mini Inna Rabi. Sana'ata raino. Saboda ku nake wannan rubutu, ku amaren da ake ta kawowa garin nan. Kowace ta sauka, miji ya tafi jami'a ya bar ta da bango, sai ta ce, "Bari ni ma in fara karɓar yara, ai zama ne kawai." Zama? Ki zo ki zauna mini wuni ɗaya, in ga ko za ki iya miƙe bayanki ki yi sallar magariba a tsaye.

Ban shiga aji ba sai da na aurar da 'yata ta fari. A makarantar manya na koyi riƙe biro, Turancin da nake da shi ma a can na tsinta. Da Malam, maigidana, ya samu zuwa karatu ƙasar nan ya taho da ni, ya gama aka riƙe shi yana koyarwa, muka zauna. A hawa na ƙasa na benenmu akwai wata tsohuwa 'yar Malay, Mak Cik Rohani, tana da gidan raino mai izini. Kullum in na wuce sai in ji kukan wani jariri, irin kukan da ban iya wucewa. Rannan na ƙwanƙwasa na shiga. Na kwance gyalena na goya shi, kafin in kai ƙarshen falon ya yi barci. Mak Cik ta zagayo ta bayana tana taɓa ƙullin, tana cewa da yarensu, "Boleh? Zai yiwu? Ba zai faɗo ba?" Su shillo suke amfani da shi, zani ne a rataye jikin sifirin, a sa yaro a riƙa jijjigawa. Ita ta koya mini shillo, ni na koya mata goyo. Daga baya ta yi mini takardar aiki a ƙarƙashinta, da ƙafa ta fara ba ta wahala ta bar mini riƙon wurin, ita tana leƙowa.

Aikin farko da ta ba ni wanke kwalaben madara ne, na ɗauka raini ne. Sai da ta ɗaga wadda na wanke ta nuna mini a hasken taga, madara ta daskare a wuyanta. Ta ce gudawar yaro daga nan take farawa. Na biyu shi ne duba jiki. Duk yaron da aka kawo da safe, kafin uwarsa ta juya, ki ɗaga rigarsa ki duba ciki da baya da hannuwa. Ki yi kamar wasa kike yi, kina masa cakulkuli. In akwai ƙwarzane ko kumburi ki nuna wa uwar nan take, ki ji daga ina. Wadda ba ta yi haka ba, da yamma ita za a ce ta ji masa.

Kayan aikin ba su da yawa. Zanin goyo da majanyi, tabarma, fo, abin yanke farce, ma'aunin zafin jiki, babban tire na cin abinci. Sai takalma. A nan ba a shiga gida da takalmi, saboda haka kowane yaro nasa yana bakin ƙofa, ni nake jera su daga ƙarami zuwa babba. In yamma ta yi ba sai na leƙa ɗaki ba, ido ɗaya zan yi wa bakin ƙofa in san wanda ba a zo ɗauka ba. Galibi 'ya'yan masu karatu ne. Uwa ta shigo a guje da jaka a kafaɗa, "Inna, yi haƙuri, malamin da ke duba aikina ne ya riƙe ni." In ce, "Shi ma ki kawo shi in raina miki." Yaran kuwa ki yi musu Hausa su amsa da Turanci ko Malay. "Inna, nak makan." In ce, "Ka ce abinci, ko ka kwana da yunwa." Ba ya cewa, kuma ban taɓa barin kowa da yunwa ba.

Yaye shi ne aikin da ya fi kowane cin rai, kuma ta nan na san Abba. Ubansa Malam Sadisu yana digiri na uku, matansa biyu. Hajiya Binta ce uwargida, 'ya'yanta mata sun girma suna gida Najeriya. Zulai ce ƙarama, ita ma ɗaliba ce, da takardar karatunta ta shigo ƙasar. Abba ɗan farin Zulai ne. Da aka zo yaye shi Zulai ta ɗauke shi ta ɗora a cinyar Hajiya Binta, kamar yadda aka yi a gidansu da gidanmu da gidajen da kuka fito. Ba wanda ya ƙwace. Yaron ya yi kukansa ya gama a bayan Hajiya, da rana a bayana, ya tashi yana ce wa Hajiya Binta Umma, yana ce wa Zulai Anti. Zulai kuwa a hannun kakarta ta tashi a ƙauye, duk da bokon da ta yi ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta ɗaukarsa a gaban manya. In ta zo ɗaukarsa sai ta ce, "Inna, ina yaron Hajiya?" Amma ni na sha ganinta ta taga, in sun kai wajen bene tana tsugunawa ta ɗaure masa igiyar takalmi, ta daɗe a tsugune fiye da yadda igiya take buƙata. Sunansa na yanka Sani, sunan mahaifin Malam Sadisu ne, saboda haka ita ma Hajiya Binta ba ta taɓa furta shi ba. Abba kawai.

Sai muguwar shekarar ta zo. A lokacin labarai sun cika da maganar wasu gidajen yara na wata ƙungiyar addini ta 'yan ƙasa, waɗanda aka ce mazansu suna tara mata. Ban san gaskiyar abin da ya faru a gidajen nan ba. In an cuci yaro a hukunta wanda ya cuce shi, ko waye. Amma na ga yadda ake ɗaukar hotunan. Mata ta baya cikin dogayen hijabai. Tarin takalma a bakin ƙofa. Yara a ƙasa an dusashe fuskokinsu. Mu ma muna ta tura wa juna a waya muna jinjina kai, ni ma na tura. Ban taɓa tsayawa na ce, to ai bakin ƙofata haka yake ba. Kuma na lura da abu ɗaya: in mai mata ɗaya ya doki ɗansa, sai a rubuta uba ya doki ɗa. In mai mata biyu ne, matan ake fara ƙirgawa, yaron sai can ƙasa.

Wani maƙwabci ne ya kai ƙara. Ya ce baƙaƙen fata masu dogon hijabi suna shige da fice, ga yara barjat. Jami'an kula da walwalar yara suka zo da yamma, mata biyu, daidai lokacin ɗaukar yara. Ba zan yi musu sharri ba, sun yi sallama, sun cire takalmi, sun karanta takardar izinin da ke manne a bango. A bayansu wani saurayi ya shigo riƙe da waya a kan sanda, ya ce daga wata jaridar intanet yake, yana labari ne kan masu raino a gida. Na ɗauka tare suke. Na ba shi zoɓo mai sanyi, ya shanye ya ce da daɗi, ya kira ni Mak Cik, wato Goggo a yarensu.

Jami'an suka bi yaran ɗaya bayan ɗaya suna haɗa kowa da takardarsa. Ranar kuwa Hajiya Binta da Zulai tare suka zo, daga kasuwa suke. Da aka zo kan Abba babbar jami'ar ta ga tabon ƙuna a ƙwaurinsa. Na ce salansar babur ce ta ƙona shi a gaban mamak, gidan abincin unguwa, da safen da aka kawo shi da ita aka nuna mini. Ta gyaɗa kai. Sai ta duba takarda ta ɗago ta ce da Turanci, "Wace ce Zulaihat?"

Zulai ta ɗaga hannu.

"Ɗanki ne wannan?"

Zulai ta dube ni, ta dubi Hajiya Binta, ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Na Hajiya ne."

"Yaya sunansa?"

Zulai tana murza bakin hijabinta. Hajiya Binta ta ga abin yana neman lalacewa ta ce, "Abba." Jami'ar ta sake duba takarda, babu Abba a ciki. Na yi maza na ce, "Sani ne, Sani sunansa, Abba laƙabi ne." Sai ta tsuguna ta tambayi yaron da Malay ina mamarsa. Ya ruga ya shige cikin hijabin Hajiya Binta.

Na yi bayani. Wallahi na yi. Da Turancina na makarantar manya da Malay ɗin kasuwa na faɗi kunyar ɗan fari, na faɗi sunan suruki, na faɗi yadda ake ba abokiyar zama riƙo don girmamawa, na ce ni kaina ɗana na fari a hannun yayar Malam ya tashi kuma ga shi can da iyalinsa. Na daɗe ina magana. Jami'ar ta saurara, na ga alamar ta fahimci wani abu. Amma ga tabo, ga suna bai dace ba, ga uwa ta ce ba nata ba ne, ga waya a kan sanda tana kallonta ita ma. A wannan shekarar babu ma'aikacin da zai yarda a ce shi ya kau da kai. Ta ce za su tafi da shi likita ya duba, a ajiye shi a wurinsu har a tantance. Zulai ce ta sa hannu a takardar. Hajiya Binta ce ta ɓamɓare yatsunsa daga hijabinta.

Washegari hoton bidiyon da saurayin ya ɗauka ya fito. An rubuta a samansa wai miji ɗaya, mata biyu, uwa ba ta san sunan ɗanta ba. Aka fara da takalman bakin ƙofata. Aka nuna yara a tabarma sun kewaye tire suna cin shinkafa da hannu, an rage gudun hoton, an sa wani kiɗa mai sa kuka a ƙasa. Aka nuna Zulai kai a sunkuye, aka tsaya a kanta. Kyamarar ta bi bangon nan, ta wuce ta gefen takardar izini, ba ta tsaya ba. Duk doguwar maganar da na yi, abin da aka bari shi ne inda na ce ta ba uwargida shi. Nan aka yanke. Ga ni nan a duƙe da ɗaurin zanin aiki, baki buɗe, kamar wadda aka kama da kayan sata.

Kunyar da na ji ba irin ta Zulai ba ce. Tata mai kyau ce, tawa irin wadda take sa mutum ya ƙi haɗa ido da mai gadi ce. Hoton ya je har Kano kafin azahar. 'Yata ta kira ta ce, "Inna, surukaina suna tambaya wai wane irin gida kike aiki." A cikin lif matar da muke gaisawa kullum ta jawo ɗanta jikinta. Mai kedai, shagon da nake sayen madara, ya miƙo mini canji yana kallon wani wuri. Na dawo na kwashe takalman nan kaf na shigar da su ciki na tura bayan ƙofa. Na ninke dogon hijabina na sa a ƙasan akwati, na koma yafa ɗan ƙaramin gyale in zan fita. Mace kamata, da jikoki.

Kuma ba ni kaɗai ba. Iyaye suka fara janye yara. "Inna, ba don komai ba, sai ƙura ta lafa." Wasu ko sallama ba su yi ba, sai na ga takalmin bai zo ba. A dandalin matanmu na waya aka cire Hajiya Binta, aka ce kuskure ne, ba a mayar da ita ba. Matan da suka ci tuwonta ranar suna suka daina zuwa benensu. Wata da na raini 'ya'yanta har uku ta ce mini, "Ai su ma da gangan, wa yake zuwa ƙasar mutane da mata biyu?" Ita kanta 'yar mace ta uku ce a gidan ubanta. Ban tanka mata ba. Da can da na wanke ta tas.

Da aka sa ranar da za a zauna a ofishin jami'an a yanke maganar yaron, maza suka yi taro bayan sallar Juma'a a wani gidan abinci wajen Masjid India. Malam maigidana ya dawo ya zauna bai cire hula ba. Ya ce an yanke shawara. Zulai da mijinta kaɗai za su je. Hajiya Binta ta zauna a gida, in an tambaya a ce 'yar uwa ce da ta zo taya raino, in an gama kuma a saya mata tikiti ta koma Najeriya.

Na ce, "'Yar uwa? Matar da ya aura tun kafin ya san hanyar jami'a?"

Ya ce, "Rabi, ba don ba ta da gaskiya ba. Ɗaliban nan kuɗin gwamnati ne ya kawo su. In abin ya girma aka ce a binciki kowa, karatun mutane da yawa zai tsaya. Tsoro suke ji."

Na san tsoro suke ji. Gyalen da ke kaina ma tsoro ne.

Ana gobe za a zauna, bayan la'asar na hau zuwa gidansu. Malam Sadisu ba ya nan. Na tarar da Hajiya Binta a ƙasa tana ninke kayan Abba, Zulai a gefenta ta yi tagumi. Hajiya tana yi mata karatu. "Ba ya cin albasa, sai kin tsince. In zai yi barci kunnenki zai kama, kar ki cire masa hannu. In ya ce cikinsa yana ciwo ƙarya yake, fo yake tsoro."

Zulai ta ce, "Inna, sun kira ɗazu. Wai ba ya cin abinci. Ruwa kawai da biskit, shi ma sai an yi da gaske."

Na ce, "Tun yaushe?"

"Tun da aka kai shi."

Ta ce kuma an gaya mata gobe za a sa ta a ɗaki ɗaya da shi a ga yadda suke, za a so a ji ta kira shi. "Na yi ta gwadawa a banɗaki ni kaɗai. Bakina ya ƙi."

Hajiya Binta ta ce, "Ke dai faɗa mana. Ni na ce ki faɗa. Baba ya rasu, ba zai taso ya tsawatar miki ba."

"To Yaya, ke fara."

Hajiya ta buɗe baki, ta rufe. Ta ce, "Ni ai ba ni za a tambaya ba." Suka dubi juna, dariya ta ƙwace musu, daga nan ta koma kuka, kowace tana goge ido da rigar yaron.

Da suka lafa Hajiya Binta ta ce, "Inna, ni na yarda. In ganina ne zai hana a sake shi, kar su gan ni. In tafiyata ce za ta sa ya dawo, gobe ma in tafi."

Na zauna ina kallon kayan da ta ninke. Na san yaran da suke ƙin abinci, aikina ne. Akwai mai ƙi don fitina, wannan yunwa ce take gyara shi. Akwai mai ƙi don yana jiran hannu ɗaya, wannan ko me za ki dafa ba zai buɗe baki ba. Gobe za a shigar da Zulai, zai dube ta ya ce, "Anti, ina Umma?" A gaban jami'ai. Sannan a ce musu Umman nan 'yar uwa ce kawai, alhali takardar aure tana nan, wanda ya so zai nemo ta. Abin da saurayin nan ya nuna wa duniya shi ne muna da abin ɓoyewa, ga mu kuma mun tashi za mu ɓoye. Na yi musu sallama na sauko.

Da safe da aka kawo yaran da suka rage na fito da takalmansu na jera su a bakin ƙofa, daga ƙarami zuwa babba. Na kira Mak Cik na ce ta zo ta zauna da yaran, yau ba na nan. Na dafa shinkafa dafa-duka babu albasa na zuba a kula. Na buɗe akwati na ciro dogon hijabin nan, ko guga ban yi masa ba, na sa. Na ɗauki zanin goyo na cusa a jaka. Malam yana kallona daga kan dadduma, bai tambaye ni ba, ni ma ban faɗa ba.

Da na isa gidansu Malam Sadisu ne ya buɗe mini ƙofa, ya sha babbar riga, Zulai a bayansa da takardu a hannu. Hajiya Binta tana can cikin falo a zaune da kayan gida.

Na ce, "Hajiya, tashi ki sa hijabinki. Ɗauko takardar aurenki. Zulai, riƙe kular nan."

Malam Sadisu ya ce, "Inna, an fa yanke shawara."

Na ce, "Na ji. Wanda ya ƙi cin abinci ba ya wurin da aka yanke ta. Matanka biyu ne, Malam, biyu za su gani. Ɗaya ta haifa, ɗaya ta raina, ni na goya da rana. In Zulai ta kasa kiran sunan ni zan kira, in kuma sake faɗin dalili tun daga farko, yau babu mai yanke mini magana."

Ya daɗe yana kallon ƙasa. Sai ya matsa gefe ya ba da hanya.

Na tsaya a bakin ƙofar, ban gusa ba, har Hajiya Binta ta fito ta sa takalminta.